Ba Kowane Ci Ne Ke Kai Loma Baki Ba

A wannan wata za mu tattauna a kan wata 'yar ƙaramar kalma wadda ba ta wuce harafi biyu ba, amma babu ranar da za ta fito ta faɗi ba mu furta ta ba. Kalmar ita ce "ci". Yaro ɗan shekara biyu ya san ta, domin tana cikin kalmomin farko da uwa ke koya masa. Amma dattijo mai furfura bai gama sanin iyakarta ba, domin kullum sai an ɗinka mata sabuwar riga.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, kwanakin baya na tsaya a teburin wani mai shayi a bakin titin Kaduna zuwa Zariya, nan Rigacikun. Na tarar da wani direban motar haya da wani dattijo manomi suna karya kumallo. Sai na ji direban ya ce, "Baba, yau kam kasuwa ba ta ci ba. Tun asuba motar nan sai cin mai take yi, ga shi kuma an ci ni tara a hanya."

Dattijon ya ce, "Haƙuri za ka yi, ɗana. Ni ma bashi na ci na sayi taki, ga shi ruwa ya ci rabin gonar."

Mai shayi ya sa baki ya ce, "Haba Baba, ai kai bana ka ci riba, tun da yaronka ya ci jarrabawa."

Mai karatu, koma baya ka ƙirga. Sau bakwai aka ambaci "ci" a wannan 'yar hira, kuma babu ko ɗaya da ya shafi burodin da ke hannunsu. Duk da haka babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa, "Me kake nufi?" To, yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki wannan kaya haka? Kuma me zai amfane mu in mun san yadda abin yake?

ABU UKU A CIKIN LOMA ƊAYA

Mu ɗauki malmalar tuwo. Idan mutum ya ci ta, abu uku ne suka faru. Na ɗaya, tuwon ya zama nasa, ya shiga cikinsa ya amfane shi. Na biyu, tuwon ya ƙare, babu shi a akushi. Na uku, mai ci shi ne mai iko, tuwo ba ya gardama. Waɗannan abubuwa uku, watau samu da ƙarewa da rinjaye, su ne saiwoyin da yawancin sauran ma'anonin suka tsiro daga gare su.

Mu fara da ci na samu. Ɗan kasuwa ya ci riba. Ɗa ya ci gadon ubansa. Ɗan sarki ya ci sarauta. Jariri ya ci sunan kakansa. Wani ya ci sa'a, wani ya ci albarkacin maƙwabcinsa. A duk waɗannan, wani abu ne ya shigo hannun mutum ya zama nasa, kamar yadda loma ke shiga ciki. Ko bashi ma, ranar da aka karɓe shi samu ne, shi ya sa muke cewa an ci bashi. Daga nan ne kuma muka sami ci na ɗauka, kamar mu ce motar nan tana cin mutum goma, ko buhun nan yana cin tiya kaza.

Sai ci na ƙarewa. Wuta ta ci rumbu. Ruwa ya ci gari. Zaizayar ƙasa ta ci gona. Injin ban-ruwa yana cin mai. Ginin ɗaki ya ci kuɗi. Shari'a ta ci shekara uku. A nan babu baki babu haƙori, amma abin da aka ci ya tafi, kamar tuwon da aka share daga akushi. 'Yan'uwanmu masu barin ƙauye bayan an gama girbi su shigo Kaduna neman kuɗi, muna kiransu 'yan ci-rani, domin rani suke zuwa su ƙarar a wani wuri, hatsin gida ya huta har damina ta faɗi.

Sai ci na rinjaye. Wannan tsoho ne ƙwarai a bakin Hausawa, tun zamanin yaƙe-yaƙe. Tarihin baka ya ce Sarauniya Amina, wadda ake danganta tushenta da Turunku, hedkwatar ƙaramar hukumarmu ta Igabi, ta ci garuruwa da yawa da yaƙi. Haka kuma muna cewa Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan muka sami cin nasara, da cin galaba, da cewa an ci ƙarfin aiki idan ya rage kaɗan a gama.

Akwai kuma reshe na huɗu wanda ya haɗa rinjaye da ƙarewa, shi ne ci na cuta. Duk inda aka sa wani abu mai daraja na mutum a bayan wannan kalma, to an yi ɓarna. Cin amana, cin mutunci, cin zarafi, cin fuska, cin zali, cin dunduniya, cin gumin wani. Manoma sun san cin iyaka, watau maƙwabci ya riƙa turo kunyarsa kaɗan-kaɗan cikin gonar ɗan'uwansa kowace damina. Hikimar da ke ciki ita ce, Bahaushe ya ɗauki mutunci da amana tamkar abinci: in an ci su, sun tafi, ba a mayar da su akushi.

Har ila yau akwai ci wanda ba a ambaton abin da aka ci. Wuƙa tana ci, watau tana da kaifi. Fitila tana ci, watau tana kunne. Kasuwa tana ci, watau ta cika ana ciniki. A nan ma'anar ita ce abu yana kan aikinsa. Idan lokacin Kasuwar Duniya ta Kaduna ya zo, wadda filinta ke nan Rigacikun, za ka ji ana cewa kasuwa ta fara ci, mutane kuma sun zo cin kasuwa. Ga kasuwa tana ci, ga kuma ana cin ta, kuma duka daidai ne.

Magabata sun san wannan wasa sarai. Dubi karin maganar nan da ke cewa, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ci na farko na baki ne, na biyu na wahala ne. A cikin numfashi ɗaya aka juya kalmar.

CI DA ƘANWARSA SHA

Ba a maganar ci a bar sha. Ita ma wannan kalma tana da nata kayan. Muna cewa an sha wahala, an sha rana, an sha duka, an sha ɗauri, an sha mamaki, an sha iska, an sha da ƙyar.

A shekarar 2009 wasu masana harshen Hausa su biyu, Philip Jaggar na Jami'ar Landan da Malami Buba wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, sun wallafa wani nazari a kan waɗannan kalmomi biyu. Abin da suka nuna a taƙaice shi ne, "ci" ta fi karkata ga wanda ya yi rinjaye, ita kuwa "sha" ta fi karkata ga wanda abu ya auka wa. Mu gwada mu gani. Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe, ɗan takara ɗaya ya ci, ɗayan kuma ya sha kaye. A filin dambe, wani ya ci nasara, wani ya sha kashi. Dalili a fili yake. Mai cin tuwo yana aiki da hannu da haƙori, mai shan ruwa kuwa buɗe baki kawai yake yi ruwa ya wuce.

Amma harshe ba lissafi ba ne, dole a sami inda doka ta karye. Muna cewa ya ci wuya, ya ci duka, alhali kuwa shi aka yi wa. Wani lokaci ma kalmomin biyu kan haɗu a ma'ana ɗaya. Idan mutum ya ɗaure fuska, ana iya cewa ya sha kunu, ko ya sha toka, ko ya sha mur, ana kuma iya cewa ya ci magani. A lura da kyau: wanda ya sha magani mara lafiya ne, wanda ya ci magani kuwa fushi yake yi. Harafi biyu ne suka raba asibiti da rigima.

INA AKE HAIFAR SABABBIN MA'ANONI?

Duk abin da muka lissafa a sama ya zauna daram a cikin harshe. Amma akwai wasu ma'anoni da ke tashi kamar yayi, matasa su ɗauka, gari ya ɗauka. Irin wannan magana ita masana ke kira sara, wasu kuma su ce Hausar zamani.

Ga misalai. Idan saurayi ya yi ado, a da sai a ce ya ci ado ko ya ci kwalliya, yanzu kuwa za ka ji an ce ya ci gayu. Idan mutum ya sha baƙar wahala, sai a ce ya ci kwakwa, ko da kuwa babu kwakwar da ya fasa. Idan aka lakaɗa wa ɓarawo duka, an ce ya ci na jaki. Idan mutum ya yi laifi ya tsira ba hukunci, ko ya sami abu ba da guminsa ba, ya ci bulus. Idan ƙarshen wani ya zo a kan kujera ko a wata harka, sai ka ji matasa na cewa ya ci taliyar ƙarshe. A tasha da gareji kuwa, direba ya ci birki, mota ta ci taya, ɗan kamasho ya ci kwalar yaron mota. Aikin da ya tsaya cak, an yi an yi ya ƙi gaba, an ce ya ci tura, kamar tsohuwar motar da aka tura ta ƙi tashi.

Abu huɗu ne ke haifar da irin wannan. Na farko, sabon abu ya zo ba shi da kalma, sai a ara masa tsohuwa. Na biyu, raha, domin Bahaushe yana son maganar da za ta sa a yi dariya ko da a cikin wahala ne. Na uku, sakaya zance, ko don kunya ko don kada na gefe ya gane. Na huɗu, nuna cewa mu 'yan gida ɗaya ne. Direbobi suna da tasu Hausar, mahauta suna da tasu, haka 'yan ƙwallo da 'yan makaranta da mata a gidan biki. Wanda ya iya maganar, an san nasu ne.

Irin wannan magana ta fi tsiro a inda jama'a ke cuɗanya, kuma Kaduna gari ne na cuɗanya tun kafuwarsa. Hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa ta nan ta isa Kano a 1911. A 1917 Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kakuri. Soja da ma'aikatan jirgi da na masaƙa da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, ga Gbagyi da Fulani da sauran ƙabilu, kowa da harshensa, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, sai ya zama maganar da aka yi a birni da safe tana iya kwana a ƙauye. A yau kuwa finafinan Hausa da wayar hannu sun ƙara wa abin gudu. Mu da ke Rigacikun muna zaune ne a ƙofar Kaduna ta arewa. Duk motar da ta tashi daga Kawo za ta Zariya ko Kano ko Katsina, ta gabanmu take wucewa, kuma ba fasinja kaɗai take ɗauke da shi ba, har da sababbin kalmomi.

SARAR JIYA ITA CE HAUSAR YAU

Sau da yawa dattawa kan yi ƙorafi cewa yaran zamani suna ɓata Hausa. Akwai gaskiya a ciki idan ana maganar ashar da rashin ladabi. Ita kanta wannan kalma da muke magana a kai tana da wasu ma'anoni na zagi da na batsa waɗanda ba su dace da shafin jarida ba, kuma ba su dace da bakin mai mutunci ba. Amma ba kowace sabuwar ma'ana ce ɓarna ba.

Mu duba. Kakannin kakanninmu ba su san jarrabawa irin ta boko ba. Da ta zo, sai aka ɗauko ci na yaƙi aka ɗora mata. Yau ga Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, da hedkwatarta a nan Rigacikun, kuma duk malamin da ya yi karatu a ƙarƙashinta burinsa ya ci jarrabawa. Babu wanda zai ce wannan ba Hausa ba ce. Zaɓe irin na jefa ƙuri'a sai a shekarun 1950 ya shigo Arewa, amma yau cin zaɓe ya zama tamkar da shi aka halicci harshen. Haka ƙwallon ƙafa. Muna cewa Nijeriya ta ci kofin Afirka a 1980 da 1994 da 2013, ta kuma doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. Har ma an ƙara wa abin gishiri: ci ɗaya mai ban haushi, ci biyu da nema, kuma ɗan wasan da ya jefa ƙwallo a ragarsu an ce ya ci gida. Kalmar ci-gaba ma, wadda hukuma ke rubutawa a takardunta, daga "ci gaba da tafiya" ta fito. Da jama'a suka ga wani ci-gaban na baya-baya ne, sai suka raɗa masa ci-gaban mai haƙar rijiya.

Masu rubuta ƙamus sun daɗe suna bin sawun wannan kalma. Wani Bature mai suna Bargery ya fitar da ƙaton ƙamus na Hausa da Turanci a 1934, mai shafi fiye da 1,200, kuma ya jera ma'anonin "ci" masu yawa. A 2006 Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da nata ƙamus mai bayyana Hausa da Hausa. Amma ba za ka sami cin gayu a littafin 1934 ba, domin lokacin ba a aro kalmar gayu daga Turanci ba. Ƙamus a baya yake tafiya, bakin jama'a na gaba. Wata sarar takan mutu cikin shekara biyu, kamar yayin atamfa. Wadda ta yi amfani kuwa sai ta zauna, jikoki su tashi su ɗauka tun fil azal haka take.

BA MU KAƊAI BA NE

Kada mai karatu ya zaci Hausa ce kaɗai ke wannan. Maƙwabtanmu Yarabawa suna amfani da kalmarsu ta ci wajen cin sarauta da cin bashi, kamar mu, har da wahala ma ci suke cewa. Masu harshen Swahili a gabashin Afirka su ma cewa suke an ci rashawa, kuma kalmar rashawa da mu da su duk daga Larabci muka aro ta. A Larabcin ma ana cewa an ci riba, an ci dukiyar maraya, kamar yadda duk wanda ya zauna gaban malami ya sha ji. Mutanen ƙasar Sin kuwa, idan mutum ya jure wahala, cewa suke ya ci ɗaci. Dalili ɗaya ne: babu ɗan Adam da bai san ci ba. Saboda haka idan yana son bayyana abin da ba a gani da ido, sai ya ɗauko abin da kowa ya sani ya auna da shi.

INDA AKE YIN TUNTUƁE

Wani zai ce, to duk wannan ai hira ce, ina amfaninta ga manomi? Amfanin yana nan, domin kalma mai fuska da yawa tana iya zama mayafi.

Mu ɗauki cin hanci. Sunan ba shi da daɗin ji, kuma gwamnati ta kafa hukumomi biyu don yaƙi da shi, ICPC a 2000 da EFCC a 2003. Saboda munin sunan, mai nema ba ya taɓa cewa, "Ba ni cin hanci." Sai ya ce a ba shi na goro, ko na shan ruwa, ko ya ce yara ba su karya ba. Goro kuwa abu ne mai daraja a wurinmu. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna, akwai goron Salla, akwai goron gayyata, akwai goron albishir. Sai aka ɗauko wannan kyakkyawan suna aka lulluɓe mummunan abu da shi. Ga yadda za ka bambanta: goron gaskiya bayan alheri ake ba da shi, da son rai, kuma a gaban kowa. Wanda aka ce sai ka bayar kafin a yi maka aikin da haƙƙinka ne, ko kafin a kau da kai daga laifi, wannan ba goro ba ne, ko da wane suna aka kira shi.

Mu ɗauki bashi. Mun ce ana cewa an ci bashi domin ranar karɓa samu ne. Amma bashi yana da nasa bakin. Idan aka kawo maka takardar rancen taki ko na kuɗi, aka ce akwai ruwa a ciki, ka sani ba ruwan sha ba ne, ƙarin da za ka biya ne a kan uwar kuɗi. Kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa, ka tambaya: nawa ne ruwan, a wata ne ko a shekara, kuma me zai faru in damina ba ta yi kyau ba? Da yawa sun ci bashi da rani, bashin ya ci gonarsu da kaka.

Haka wajen ciniki. Jaka kowa ya san ta, abin zuba kaya ce. Amma a bakin 'yan kasuwa jaka ɗaya fam 100 ce, kuma da aka canza kuɗi zuwa Naira a 1973 sai ta zama Naira 200. Yaro mai tasowa wanda bai san fam ba, in an ce masa jaka biyar, ba lalle ne ya gane Naira 1,000 ake nufi ba. Saboda haka duk cinikin da ya yi nauyi, na gona ko na dabba ko na fili, a faɗi kuɗin ƙarara da sunansa, a rubuta da lamba, a gaban shaidu.

Mu ɗauki siyasa. Idan lokacin zaɓe ya zo za ka ji ana cewa, "A zaɓi namu, mu ma mu ci." To, wane ci ake nufi? In ci na nasara ne, babu laifi, kowa yana son nasa ya ci. In kuwa ci na akushi ne, to a tuna abu na biyu da muka faɗa game da loma: abin da aka ci ya ƙare. Kuɗin da aka ci shi ne rijiyar da ba a haƙa ba, shi ne maganin da babu a asibiti, shi ne ajin da yara ke zaune a ƙasa. Kuma wanda ya karɓi taliya da sabulu ya sayar da ƙuri'arsa, ya tuna cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

TAMBAYA UKU

Ga wanda ya fara karatu da girma, irin waɗannan kalmomi kan ba da wahala a takarda fiye da a baki. A baki kana ganin fuskar mai magana, kana jin muryarsa. A takarda kuwa daga kai sai baƙaƙe. Wani kan karanta "an ci shi tara" ya tsaya yana neman inda aka yi takwas. Maganin abin shi ne kada ka tsaya a kan kalma ɗaya. Karanta jimla har ƙarshenta, sa'an nan ka yi wa kanka tambaya uku.

Ta farko, wa ya ci? Mutum ne, ko wuta, ko mota, ko hukuma?

Ta biyu, me aka ci? Kalmar da ke biye da "ci" ita ce mabuɗi. In riba ce ko gado, samu ne. In gona ce ko kuɗi, a duba ko ƙarewa ce. In amana ce ko mutunci, cuta ce.

Ta uku, wadda ta fi kowace muhimmanci, a kan wa aka ci? Akwai ci wanda ba ya rage kowa da komai. Yaron da ya ci jarrabawa bai hana ɗan wani ci ba. Manomin da ya ci ribar guminsa bai taɓa rumbun kowa ba. Akwai kuma ci wanda sai wani ya yi kuka. Duk inda ka ji wannan kalma, a kasuwa ko a ofis ko a dandalin siyasa, nemi wanda akushinsa ya ragu. In babu, to ci ne na halal. In akwai, to komai daɗin sunan da aka sa masa, a yi hattara.

Sa'an nan a san wurin da ake kowace magana. Abin da saurayi zai faɗa wa abokinsa a majalisa ba shi zai faɗa wa surukinsa ba. Kana iya ce wa abokinka ya ci gayu, amma ba ka ce wa hakimi haka ranar Salla ba. Idan za ka rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma, ko takardar yarjejeniya, ka ajiye sara a gefe ka yi amfani da kalmar da ba ta da fuska biyu. Ko ana cin ƙasa, a kiyayi ta shuri.

Daga ƙarshe, ga ɗan aiki ga masu karatu. Idan kun taru a aji ko a dandali da yamma, ku ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi: ruwa, hannu, ido, kai, baki. Kowa ya kawo jimla ɗaya wadda ma'anar kalmar ta bambanta da ta ɗan'uwansa, a rubuta a allo ko a littafi. Ku tambayi tsofaffi irin wadda suka sani tun suna yara, ku tambayi matasa irin wadda ake yayi yanzu. Za ku tarar allo ya cika ba ku kai rabi ba, kuma za ku ga cewa dukiyar da ke bakinku ta fi yadda kuke zato.

Allah ya ba mu ikon cin halal, ya kare mu daga cin amana, ya sa yaranmu su ci jarrabawa, amin. Sai mun sadu a wata mai zuwa.